Himeji: Fadar Yaƙin da Masu Gyara Suka Tsare

Tun daga tashar jirgin ƙasa ake hango fadar Himeji, a ƙasar Japan. Kana fitowa ta ƙofar arewa, ga titi mai faɗi a gabanka, sunansa Otemae, ya miƙe ɗoɗar kimanin kilomita ɗaya, can ƙarshensa kuma fadar na zaune bisa tudu, fara fat, rufi kan rufi har hawa biyar. Ƙanena da ke karatu a Osaka shi ya nace sai mun zo. Da na ce masa ai na riga na ga fadar Osaka, sai ya ce, "Yaya, waccan siminti ce, a 1931 aka zuba ta, har lif gare ta. Wannan ita ce ta ainihi." Da gaskiyarsa. A duk faɗin Japan hasumiyar fada 12 kacal suka rage da gininsu na zamanin da, kuma ta Himeji ce babbarsu.

Daga Osaka a jirgin ƙasa mai gudun nan, Shinkansen, tafiyar rabin awa ce da 'yan mintoci. Ƙarshen Nuwamba ne, hantsi ya ɗaga amma sanyi na ratsa riga, ganyen itatuwan gefen titi ya koma ruwan ɗorawa yana zuba. Akwai bas, amma mun taka da ƙafa, kuma shawarar da zan ba kowa ke nan. A tafe ne ido ke fara rarrabe cewa ba gini ɗaya ba ne: babbar hasumiya guda, ƙanana uku manne da ita, sai dogayen katangu da ɗakunan tsaro da suka naɗe tudun. Mutanen garin Fadar Balbela suke ce mata, saboda farinta da yadda bakin rufin ya buɗe kamar fikafikai. Titin da muke takawa ma a da cikin ganuwa yake, domin gwalalo uku ne suka zagaye garin, na wajen yana kusa da inda tashar jirgi take a yau. Na cikin shi ne ya rage cikakke, cike da ruwa, da gadar katako a kansa.

Ana tsallake gadar, a shige babbar ƙofa, sai a faɗo wani makeken fili mai ciyawa. Ba a biyan ko sisi a nan. Tsofaffi na motsa jiki, 'yan firamare sun yi layi da hulunansu iri ɗaya, kowa ya ɗaga waya sama. Ni kuwa abin da ya tsaya mini shi ne filin da kansa, don ba haka yake ba a da. A nan gidajen sarautar suke, inda mai Himeji ke kwana, yake zaman fada, yake karɓar baƙi. Hasumiyar da duniya ke zuwa kallo ba wurin kwanan kowa ba ce, mafakar ƙarshe ce in yaƙi ya ci tura, kuma alama ce da ake son talaka da maƙwabci su gani daga nesa su shiga taitayinsu. Gidajen zama kuwa sojojin sabuwar gwamnati ne suka rushe su bayan 1868, suka kafa bariki a gurbinsu.

Tudun ya daɗe da sanin mayaƙa. A 1333 wani jarumi mai suna Akamatsu Norimura ya kafa sansani a kansa, ɗansa ya mayar da shi fada a 1346. Toyotomi Hideyoshi, wanda daga baya ya haɗe kan Japan a hannunsa, ya gina hasumiya mai hawa uku a nan a 1581. Amma wadda ke tsaye yau aikin Ikeda Terumasa ne, surukin Tokugawa Ieyasu, wanda ya karɓi ragamar Japan bayan Hideyoshi. Bayan yaƙin Sekigahara na 1600 Ieyasu ya ba shi wannan ƙasa, ya zama masa garkuwa daga sarakunan yamma da bai yarda da su ba. Daga 1601 zuwa 1609 aka yi ginin. Sai ga shi zaman lafiya ya sauka, ya shekara fiye da 250, ba a taɓa gwabza wani babban yaƙi a bakin waɗannan katangu ba.

Bayan an sayi tikiti, ƙofar farko ita ce Hishi, mai kauri, da tagogi masu ado da baƙin fenti da ruwan zinari. Daga cikinta akwai wani dutsen tunawa da yawancin mutane ke wucewa ba su ko kalla ba. Na Kanar Nakamura Shigeto ne. Lokacin da aka kawar da mulkin samurai, wato mayaƙan sarautar da, gwamnati ta ɗauki fadoji a matsayin tarkacen zamanin da ya wuce, aka rushe da yawa bayan dokar 1873, aka yi gwanjon wasu. Labarin da ake bayarwa a Himeji shi ne an taɓa sayar da wannan a kan yen 23 da rabi, mai sayen ya lissafa kuɗin rushewa ya ga ba riba, ya haƙura. Rufi ya fara yoyo, ciyawa ta tsiro a kai. A 1878 wannan kanar ya rubuta wa shugabannin soja cewa a ceci fadar Himeji da ta Nagoya da kuɗin hukuma, aka kuwa amince. Na daɗe a gaban dutsen. Soja ne, aikinsa ba adana tarihi ba ne, amma ya ga abin da bai kamata a bari ya faɗi ba, ya ɗauki alƙalami.

Jama'a duk sun nufi hasumiya, mu muka karkata hagu zuwa sashen yamma, wanda iyalin Honda suka ƙara wajen 1618. Akwai wani dogon baranda rufaffe da ya bi bakin tudun yana lanƙwasa, tsawonsa ya kai mita 240. Ta gefen waje tagogi ne masu sanduna da kafofin harbi, ta gefen ciki kuma ƙananan ɗakuna a jere, na kuyangi da matan da ke hidima. Akwai wata ƙofa mai nauyin gaske a tsakiya da ake garƙamewa da dare. Ɗakunan babu komai a ciki sai katako da ƙamshin tsohon itace, amma ni a nan ne na fi jin cewa mutane sun rayu a wurin.

Dalili kuwa labarin Gimbiya Sen ne. Jikar Ieyasu ce. Tana 'yar shekara 7 aka aurar da ita ga Hideyori, ɗan Hideyoshi, don a ɗaure zumunci tsakanin gidajen biyu. Zumuncin bai ɗauru ba. A 1615 rundunar kakanta da mahaifinta ta ci fadar Osaka da wuta, mijinta da uwarsa suka kashe kansu, ita aka fito da ita da rai. Shekara na zagayowa ta auri Honda Tadatoki, suka tare a Himeji a 1617. Garar da ta zo da ita ƙasar noma ce mai ba da koku 100,000 na shinkafa, koku ɗaya kuwa awo ne na kimanin lita 180, abin da ake ƙiyasta mutum guda zai ci a shekara. Da wannan dukiya aka gina ɗakin da ke ƙarshen barandan, mai shimfiɗar tabarmar tatami, inda take hutawa ta kintsa. An ce shekarun Himeji su ne mafi daɗi a rayuwarta, amma ba su yi tsawo ba. Ɗanta namiji ya rasu yana shekara 3, mijin ya bi shi a 1626. Ta ɗauki 'yarta ta koma Edo, wato Tokyo ta yanzu, ta aske gashinta ta shiga zaman ibada irin na addininsu, ta rayu har 1666. Ba ta kai shekara 30 ba ta rasa maza biyu da ɗa. Masu yawon buɗe ido na ɗaukar hoton mutum-mutuminta da aka zaunar a ɗakin, ni kuwa tausayinta ne ya kama ni, yarinyar da manya suka yi ta ƙulla siyasarsu da ita.

Daga nan muka kama hanyar hasumiya, kuma a nan ne mutum ke gane irin tunanin waɗanda suka zana wurin. Hasumiyar na gabanka, kamar ka miƙa hannu ka taɓa, amma hanya sai ta juya maka baya. Ka hau, ka karya kwana, ka shiga ƙofa, ka ga ka nufi wata fuska dabam. A da ƙofofi 84 ne, yanzu saura 21, kuma kowace ta fi ta bayanta matsi. Akwai wadda rufinta ya yi ƙasa har sai dogo ya sunkuya, a samanta kuma ɗaki ne da za a iya soko mashi ta cikin dabensa. Can kusa da ƙarshe hanyar sai ta fara gangarawa, don maharin da ya san sama yake nema ya ɗauka ya ɓata ya juya. Katangun duk huje suke da kafofi, kusan 1,000 suka rage: mai da'ira, mai kusurwa uku da mai kusurwa huɗu na bindiga ne, dogon kuma na kibiya. Na leƙa ta ɗaya daga ciki. Bakinta ta ciki faɗi gare shi, ta waje ƙanƙane, mai harbi na juya bindigarsa yadda ya so, wanda ke waje kuwa ba ya ganin komai sai ɗan baƙin rami. Abin da na hango ta ciki wata mata ce tana gyara wa ɗanta igiyar takalmi, daidai inda harsashi zai sauka.

Duwatsun harsashin ma abin kallo ne. Ba siminti, ba laka, dutse ne kan dutse, an cusa ƙanana a tsakani, bangon ya taso da lanƙwasa, ƙasansa a kwance, samansa a miƙe, yadda mai hawa zai fara da sauƙi ya ƙare a rataye. Dutse ya yi ƙaranci lokacin gini, saboda haka duk abin da aka samu an sa. Akwai akwatunan gawa na dutse da aka tono daga tsofaffin kaburbura, akwai gindin fitilun wuraren bauta. A wani bango, bayan ragar waya, ga ɓarin dutsen niƙa fari. Ana cewa wata tsohuwa mai sayar da wainar shinkafa ce ta ji Hideyoshi na neman dutse, ta kawo wanda take niƙa da shi, labari ya bazu, jama'a suka yi ta kawowa. Tatsuniya ce, amma dutsen niƙan na nan a bango.

Abin da ya fi komai tsaya mini a rai a ranar ba ya cikin takardar da ake raba wa baƙi. A wani lungu an kafa ƙarafa an lulluɓe da raga, mutum biyu na aiki a jikin katanga. Babban ya manyanta, ya ɗaura farin ƙyalle a ka, allo a hannun hagu da curin farin kwaɓi a kai, cokalin gini a dama. Yana ɗebowa da gefen cokalin, ya shafa sau ɗaya daga ƙasa zuwa sama, ya dawo ya bi da bayan cokalin har wurin ya yi sumul. Saurayin da ke tare da shi ba ya shafa komai, miƙo kwaɓi kawai yake yi yana kallon hannun maigidansa. A gefe inda suka kankare tsohon farin, sai ga abin da ke ƙasa ya bayyana: ƙasa ce. Laka ce ja-ja da yankakken karan shinkafa a cikinta. Wannan fada da ke ƙyalli daga nesa, bangonta ƙasa ce da aka yaɓa a kan saƙar itace da igiya, sannan aka bi ta da farin shafe. Shi farin, ƙonannen dutsen farar ƙasa ne da tokar bawon kifin teku, a haɗa da zare irin na rama, a kwaɓa da ruwan ciyawar teku da aka dafa ta yi yauƙi. Yana hana wuta kamawa, yana hana ruwa shiga, amma ba ya dawwama. Ruwan sama da iska na cinsa, yana yin baƙi, yana tsagewa. Dole a yi ta binsa bango-bango, kafin a kai na ƙarshe na farko ya sake neman hannu.

A cikin birnin Kano na tashi, ba nisa da badala, kuma na san wannan aiki. Na ga yadda ake kwaɓa ƙasa da ciyawa a bar ta ta tsima, na ga yadda bayan damina magina ke bin gidaje da yaɓe, masu hali su bi da makuba. Ganuwarmu tun zamanin Sarki Gijimasu aka ɗora harsashinta, shekara wajen 900 ke nan, ta girmi wannan fada nesa ba kusa ba. Ba ƙarfin ƙasar Japan ne ya fi na tamu ba. Su ba su daina yaɓe ba ne, mu kuma mun daina, har ta kai ana ɗibar ƙasar badala ana gini da ita, yaro na tsaye a kanta bai san a kan me yake ba. Tsayuwar da na yi ina kallon dattijon nan, raina ya sosu ƙwarai. Ƙanena ya taɓa ni ya ce, "Yaya, layi na ƙaruwa." Muka wuce.

A bakin hasumiya kowa ke cire takalmi, a ba ka leda ka zuba ka riƙe abinka. Wanda zai zo da sanyi ya sa safa mai kauri, don daben katakon kamar ƙanƙara yake. Daga waje hawa biyar ake gani, a ciki kuwa shida ne, ga kuma na ƙarƙashi a cikin harsashin dutse, inda aka yi wurin wanke-wanke da makewayi saboda ranar da za a yi wa fadar ƙawanya. Ciki da duhu-duhu, kuma wayam yake. Ba kujera, ba gado, ba ado. Sai maratayan bindigogi da masu a jere a bango, da 'yan ɗakunan ɓuya a kusurwa inda mayaƙi zai laɓe, da wasu ramuka a bakin dabe masu murfi, waɗanda ake buɗewa a sako duwatsu kan mai hawowa. A wani hawan tagogin sun yi sama da yawa, sai aka yi dakalin katako da mai harbi zai taka. Matakalar kuwa kusan tsani ce, a tsaye take, ga gungumen katako daidai goshi. Na ga wata tsohuwa da ta kusa 80 tana hawa da hannu da ƙafa, jikanta na bayanta riƙe da ledar takalmanta, ba ta tsaya ba sai da ta kai.

Ginshiƙai biyu ne ke ɗauke da ginin, na gabas da na yamma, kowanne ya kusa mita 25, daga ƙasa har ƙarƙashin hawa na ƙarshe, kaurinsa a gindi kusan mita guda. Na dafa na gabas, wanda yawancinsa tun na farko ne, ya yi santsi saboda hannuwan mutane. Na yamma labarinsa daban. Da ma an daɗe da sanin hasumiyar ta karkata, don nauyinta a lokacin ya haura tan 5,700, duwatsun da ta taka sun nutse ta gefe guda. Daga 1956 zuwa 1964 aka kwance ta gaba ɗaya, katako bayan katako, kowanne da lambarsa, aka zuba sabon harsashi na kankare a ƙasa, aka mayar da komai mazauninsa. A nan aka tarar cikin ginshiƙin yamma ya ruɓe. Aka bazama neman itacen hinoki mai wannan tsawo, aka samo a dazukan Kiso bayan doguwar wahala, sai ya karye a hanya wajen fito da shi. Maimakon a sa ƙarfe a huta, sai aka samo wani itacen daga harabar wurin bauta na Kasagata, aka sassaƙa bakinsu aka haɗa biyun a hawa na uku. Ana iya ganin mahaɗar. Tsohon ginshiƙin kuma ba a yar ba, yana kwance a rumfa can ƙasa kusa da wurin sayen tikiti, kowa na iya zuwa ya ga ruɓar da idonsa.

Gyaran baya-bayan nan daga 2009 zuwa 2015 aka yi shi, na rufi da farin shafe. An sauke fale-falen rufi kimanin 75,000, aka duba su ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya burge ni shi ne ba su ɓoye aikin ba: sun gina wata ƙatuwar rumfa ta lulluɓe hasumiyar duka, suka sa lif da tagogin gilashi, jama'a na biya su hau su kalli magina na aiki a kan rufin. Da aka buɗe a watan Maris na 2015, har wasu na cewa farin ya yi yawa, saboda a Himeji hatta mahaɗar fale-falen rufi ana bin ta da farin shafe. A shekarar baƙi sun haura miliyan 2 da dubu 800. Yanzu rufin ya ɗan dusashe ya koma toka-toka, wanda ke nufin agogon gyara na gaba ya riga ya fara tafiya.

Hawan ƙarshe ɗaki ne ƙarami, cike da mutane, iska na shigowa ta ko'ina. A tsakiya akwai ɗan wurin bautar Osakabe, abin bautar tudun tun kafin a yi fada. Japanawa na tsayawa su rusuna su tafa hannu, ni na ba su wuri na nufi taga. Daga nan mutum na sama da teku da kimanin mita 92. Ga titin Otemae ya miƙe har tasha, ga hayaƙin masana'antu a bakin ruwa, ga tsibirai can da nisa. Dab da tagar, a ƙarshen rufi, ga wani ƙaton kifin yumɓu mai kan damisa ya ɗaga wutsiya sama, irin wanda suke kafawa da imanin yana kare gini daga gobara.

Duk gine-ginen da ake hangowa daga wannan taga sababbi ne, kuma da dalili. A daren 3 ga Yuli 1945 jiragen Amurka suka yi wa Himeji ruwan bama-bamai masu cin wuta, fiye da rabin garin ya ƙone. Kafin nan an lulluɓe fadar da baƙar raga don kada farinta ya tona ta. Bam ɗaya ya faɗo hawan sama bai tashi ba. Da gari ya waye, mutanen da suka rasa gidaje da 'yan uwa suka ɗaga kai suka gan ta a tsaye. Ta Nagoya, wadda kanar ɗin nan ya roƙa tare da ita, ta ƙone ƙurmus a wannan shekarar. Girgizar ƙasar 1995 da ta kashe mutum fiye da 6,000 a Kobe da kewaye ita ma ba ta yi mata wani abin kirki ba. Wannan kam tsarewar Allah ce, ba dabarar kowa ba. Amma da an bar ta da ruɓaɓɓen ginshiƙi da karkataccen harsashi, da ba sai an jira bam ko girgiza ba. A 1993 hukumar UNESCO ta sa ta cikin wuraren tarihi na duniya, tana cikin rukunin farko daga Japan.

Saukowa ta fi hawa wuya. A hanyar fita ana bi ta gefen wata rijiya mai shingen dutse, wadda ake danganta ta da wata kuyanga, Okiku, da aka yi wa ƙazafin ɓatar da faranti ɗaya cikin goma aka jefa ta ciki. Mutane na leƙawa suna jefa tsaba. Ba mu daɗe ba, azahar ta yi.

Muka zagaya bayan fadar ta arewa, inda filin shaƙatawa yake, mutane kuma ba su da yawa. Itatuwan sakura masu fure wajen 1,000 ne a harabar, a watan Afrilu idan sun yi fure an ce ba masaka tsinke saboda 'yan kallo, amma yanzu rassa ne tsirara da 'yan jajayen ganye. Muka yi alwala da ruwa mai sanyin da ke sa yatsu ƙagewa, waya ta nuna mana alƙibla yamma da ɗan karkata arewa, muka shimfiɗa riguna a kan ciyawa. Wani dattijo da ke yawo da karensa ya hango mu, ya ja igiyar karen ya canza hanya don kada ya gifta ta gabanmu. Da muka idar ya ɗan sunkuyar da kai daga nesa, muka mayar masa. Abincin da garin ya shahara da shi wani dogon kifin teku ne da ake gasawa a ɗora kan shinkafa, amma ƙanena ya ce romon da ake shafa masa yawanci da giyar shinkafa ake haɗawa. Saboda haka dunƙulen shinkafa mai kifi a ciki, naɗe da ganyen teku, muka saya a kanti, bayan ya karanta bayan ledar tsaf. Muka ci a kan benci muna fuskantar wani jan ginin bulo, wanda a da ma'ajiyar kayan soja ne, yanzu kuma gidan adana zane-zane na birnin.

Lambun Kokoen na yamma da gwalalo, tafiyar 'yan mintoci, kuma ana iya haɗa tikitinsa da na fada. Ba tsoho ba ne, a 1992 aka buɗe shi don cikar birnin shekara 100 da zama hukuma. Amma an bi sawun da masu tono suka gano na gidajen samurai da titunansu, aka tayar da katangu a inda suke a da, sai ya zama lambuna tara a fili mai hekta 3.5, kowanne da ƙofarsa da halinsa. Na farko shi ne babba: ana bi ta wata gadar katako mai rufi, ruwa na zubowa daga duwatsu ta hagu, ganyen itacen momiji ya yi ja wur har yana rina ruwan tafkin. Kifayen koi, wasu sun kai tsawon hannu, masu ja da fari da ruwan zinari, suna jin takun mutum sai su taso su buɗe baki. Akwai lambun gora, akwai na itatuwan fir, akwai wanda ake rainon irin tsirran da mutanen zamanin Edo, wato zamanin mulkin gidan Tokugawa, ke shukawa.

A nan ma ma'aikaci ne ya tsayar da ni. Yana kan tsani mai ƙafa uku a jikin wani itacen fir da bai fi tsayin ɗaki ba, ba almakashi a hannunsa. Da yatsu yake tsige tsofaffin alluran ganyen, reshe bayan reshe, yana barin 'yan tsiraru a kan kowane tsiro, don haske ya ratsa zuwa rassan ƙasa. Ya shimfiɗa ƙyalle a gindin itacen, ko ɗaya ba ya faɗuwa a kan gansakuka. Muka shiga ɗakin shayi, muka durƙusa a kan tatami, wata mata cikin kimono ta kawo ɗan alawar wake, sannan koren shayi mai kumfa a kwano, mai ɗaci da ɗanɗanon ɗanyen ganye. Aka nuna mana yadda ake juya kwanon kafin a kurɓa. Da muka fito, mutumin nan yana kan itacen da muka bar shi, ya dai matsa zuwa reshe na gaba.

Rana na faɗuwa da wuri a wannan lokaci, kafin ƙarfe biyar. Muka yi sauri zuwa tudun Otokoyama da ke arewa maso yamma, inda ɗan wurin bautar da Gimbiya Sen ta kafa yake, wanda take fuskanta daga barandan nan. Matakala ce doguwa ta kusan taki 200, ƙafafuna kuma sun riga sun gaji da na hasumiya, amma daga sama ne ake ganin hasumiyoyin huɗu a haɗe, ba kamar ta gaba ba inda babbar ke rufe sauran. Ba kowa sai masu kyamara biyu da suka kafa ƙafafun kyamarorinsu suna jira. Ƙanena ya ce da a watan Disamba muka zo, da mun ga sojojin barikin Himeji rataye da igiyoyi a jikin bangayen dutse suna cire ciyawa da share ƙura, aikin da suke yi duk ƙarshen shekara.

Daga can muka gangaro tasha muka kama jirgin Kobe, don mu sami isha a masallacin garin, wanda aka gina a 1935, mafi daɗewa a Japan, shi ma ya tsallake wutar 1945 da girgizar 1995. A layin masallacin akwai shagunan halal, a nan muka sami shinkafa da naman rago mai zafi, ƙanena ya sayi kayan yaji da zai koma da su Osaka.